Ƙaramin kamfani da kwangilar gwamnatin tarayya

Malam, tambayarka ita ce ko kamfani mai ma'aikata huɗu kacal zai iya neman kwangilar gwamnatin tarayya. Zai iya ƙwarai. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ba ta hana ƙaramin kamfani shiga takara ba, takardu ne abin dubawa: rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni), shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardar NSITF (asusun inshorar ma'aikata), rajista a rumbun 'yan kwangila na BPP (hukumar da ke sa ido kan sayen kayan gwamnati), da takardar rantsuwa daga kotu. Ta fansho kuwa, wato ta hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, yawancin tallace-tallacen kwangila kan neme ta ne daga mai ma'aikata 15 zuwa sama, amma ka karanta tallar da kyau.

Inda ƙananan kamfanoni suka fi faɗuwa shi ne kwanan wata. Galibin takardun nan ranar 31 ga Disamba suke ƙarewa, sai mutum ya haɗa ta bara a watan Fabrairu, a ajiye fayil ɗinsa tun ba a buɗe ambulan farashi ba. Abin takaici ne, don sau da yawa farashinsa ne mafi sauƙi. Ka fara sabunta su tun Janairu, kuma ka tabbata ka miƙa wa CAC rahoton shekara-shekara, domin idan ka bari ya taru za a nuna kamfaninka a matsayin wanda ba ya aiki.