Ga ƙanwata a Garwa, kan kalmar "sorry"

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce biza ta fito, a watan Satumba za ki taho Ingila karatu, amma da Faransanci kika tashi tun firamare har Jami'ar Ngaundere, shi ya sa kike tambayar kalmar da za ta fi ba ki wuya. Barka da arziki tukuna. Kalmar ita ce "sorry", wadda kike ganin kin gama saninta.

A lise, wato makarantar sakandare, an koya mana cewa ita ce "pardon" ko "désolé". Haka ne, sai dai aikinta a nan ya wuce nan. In kika taka ƙafar mutum a bas, shi zai riga ki cewa "sorry". Ba laifi ya ɗauka ba, yana nuna miki babu rigima ne, ke ma ki faɗa ki wuce. In za ki ratsa mutane a kanti, ita ce "gafara dai" ɗinmu. In kuwa kika yi magana aka ce "sorry?" da murya a ɗage, ba a ji ki ba ne, sai ki maimaita a hankali. Wannan zai yawaita a watannin farko saboda lafazinmu ya karkata ga Faransanci. Kada ki ɗauke shi raini.

Inda 'yan gida suka fi tuntuɓe shi ne wajen "sannu". Mu, ko tari mutum ya yi, ko tulu ya suɓuce masa, sannu muke yi masa. In kika mayar da ita "sorry", Bature zai dube ki ya ce ai ba laifinki ba ne, ki tsaya kina jin kunya. Su lafiyar mutum suke tambaya: "are you OK?" A ta'aziyya kam tana shiga daidai, "sorry for your loss". Ni har yau ina jin rashin sannu a bakin mutanen nan, domin babu kalma guda da ta cike gurbinta.

Wadda na fi so ki riƙe ita ce "sorry, but". In mai gidan haya ko ma'aikacin banki ya fara da ita, a'a ce ke tafe, kuma ta ƙarshe. Taushin muryarsa zai sa ki zaci ƙofar ciniki ce irin ta babbar kasuwar Garwa, ki shiga roƙo. Babu abin da roƙon zai ƙara miki. Ki tambaye shi wace takarda ce ta rage, wa kuma za ki gani.

Akwai dokar 2006 a Ingila da Wales da ta ce neman afuwa kaɗai ba amsa laifin sakaci ba ne. Duk da haka, in kin fara tuƙi aka yi karo, kamfanonin inshora na gargaɗin kada a karɓi laifi a wurin. Ki tambayi lafiyar kowa, ku yi musayar suna da lambar mota, ki bar wa kamfanonin inshora sauran.

Wajen malamin da zai duba aikinki ma kada ki cika imel da ita. In aiki ya makara, ki faɗe ta sau ɗaya, ki rubuta ranar da za ki kawo.

Ki gaida su Hajiya, ki turo mini ranar saukarki.