Tambaya da Amsa: Masu Talla Sun Hana Wayata Sakat

Wasiƙu uku na zaɓa a wannan makon, dukkansu a kan kira da saƙonnin waya ne. Ta farko ta fi ɗaukar mini lokaci, domin abin da ta kawo ya shafi kusan kowane gidan Bahaushe a Makka da Jidda da Madina.

TAMBAYA, daga wata Hajiya a unguwar Misfala, Makka: Assalamu alaikum. Shekarata 26 a garin nan, ina sana'ar waina da tuwo, mutanenmu masu zuwa umara su ne masu sayena. Wayata ita ce shagona. To yanzu a wuni sai a kira ni sau biyar, sau shida. Wannan ya ce inshorar mota, ni ko mota ba ni da ita. Wancan ya ce na'urar tace ruwa, wani intanet na gida. Saƙonni kuwa ba a magana. Juma'ar da ta wuce na gaji na ƙi ɗaukar wata baƙuwar lamba, ashe mai son abincin mutum talatin ne, har ya tafi wurin wata. Ɗana da ke karatu a Amurka ya ce akwai rajistar da ake shiga a daina kiran mutum, ya turo mini lamba, jikata ta gwada ba ta shiga ba. Don Allah yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya mayar miki da alherin cinikin da ya wuce. Abin ya taɓa ni, domin na san yadda ake tashi tun kafin asuba a kan kaskon waina.

Ɗanki bai yi kuskure ba, rajistar tana nan. Hukumar kula da harkokin ciniki ta gwamnatin Amurka, wadda ake kira FTC, ita ta buɗe ta a 2003. Mutum yakan sa lambarsa kyauta, ta intanet ko ta kiran wata lamba daga wayar da yake son a yi wa rajista, kuma ana ba kamfanoni kwana 31 su cire shi daga jerin waɗanda suke kira. Lambar da ta shiga ta shiga ke nan, ba a sabuntawa. Lambobi sama da miliyan 200 ne a ciki. Sai dai ta lambobin Amurka ce kaɗai. Lambarki mai farawa da 05 ba ta da gurbi a can, shi ya sa jikarki ta yi ta gwadawa a banza. Ingila ma tana da irin tata, ana ce mata TPS, ita ma ta mutanenta ce.

Akwai abin da nake so ki riƙe tun kafin mu zo kan namu na nan. Ko a Amurkan, rajistar ba ta tare kira a hanya. Takarda ce da ke gaya wa kamfani mai tsoron doka cewa kada ya kira wannan lambar, idan ya kira a ci shi tara. Ke nan masu kiranki iri biyu ne. Akwai ɗan talla, mai kamfani da adireshi da lasisin da yake tsoron a ƙwace. Akwai kuma ɗan damfara, wanda ba shi da ko ɗaya. Na farkon ana iya tsayar da shi da doka. Na biyun sai dai ke da kanki ki gane shi. Na ga mutane da yawa sun haɗa su a kwando ɗaya, suka rufe talla, suka saki jiki, na biyun ya same su.

A nan Saudiyya mai kula da wannan sha'ani ita ce hukumar sadarwa, wadda aka sani da CITC, aka sake mata suna CST a 2022. Tana da ƙa'idoji a kan abin da Larabawa ke kira saƙonni da kiran iƙtihamiyya, wato masu faɗo wa mutum gida ba sallama. Ki ba jikarki wayar ta duba saƙonnin nan ɗaya bayan ɗaya. Za ta ga sunan mai aikowa da yawa yana ƙarewa da haruffa biyu, AD. Wannan alama ce da aka wajabta wa duk saƙon talla, don a bambanta shi da saƙon banki ko na asibiti ko na Absher, manhajar hidimomin gwamnati. Masu wannan alama duka kina iya rufe su, kuma ba a biyan ko kwabo. Ana yi ta manhajar kamfanin layinki, ko ki kira su ki ce kina son a rufe miki rasa'il di'a'iyya, wato saƙonnin talla. Idan stc ne 900, idan Mobily ne 1100, idan Zain ne 959. Rufe talla ba ya hana saƙon banki shigowa, kada wannan ya sa ki jinkiri. Mata da yawa sun ce mini abin da ya hana su ke nan.

Kiran murya ya fi saƙo wuyar sha'ani, a nan nake so mu daɗe. Tun daga Oktoban 2023 hukumar ta sa sunan kamfani ko ma'aikata ya riƙa fitowa a fuskar waya idan sun kira da layinsu mai rajista, ko da ba ki ajiye lambar ba. Wannan zai taimake ki sosai: idan kin ga sunan kamfanin da ba ki da hulɗa da shi, kin san ba mai son waina ba ne. Sannan akwai dokar kare bayanan mutane, wadda ta fara aiki a Satumban 2023, aka ba kamfanoni shekara guda su daidaita, hukumar kula da bayanai ta ƙasa, SDAIA, ce ke sa ido a kanta. A ƙarƙashinta kamfani ba shi da ikon amfani da lambarki don talla sai da yardarki, kuma dole ya bar miki hanyar janye yardar. Saboda haka idan ɗan talla ya kira, kada ki kashe wayar cikin fushi, domin kashewa ba ta cire sunanki daga jerinsu, gobe wani yaron ne zai kira. Ki tambaye shi sunan kamfaninsa. Ki ce masa ba ki yarda a sake kiranki ba, a cire lambarki. Jikarki ta rubuta rana da sa'a da lambar a ɗan littafi. Idan sun sake, kina da abin nunawa: a kai ƙara wurin kamfanin layinki, a karɓi lambar ƙarar, idan ba su yi komai ba a ɗaga ta zuwa hukumar sadarwa ta shafinta.

Na san wasu za su ce wannan wahala ce a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ni ban yarda ba. Cinikin mutum talatin ya kuɓuce wa Hajiya, wannan cefanen mako ne.

Yanzu ga tambayar da ba ki yi ba, ita ce kuwa tushen abin: ina suka samu lambarki? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ki tuna sau nawa kika tsaya biyan kuɗi a kanti ko kantin magani, mai karɓar kuɗi ya ce "raƙamul jawwal", wato lambar waya, kika karanto masa ba tare da tunani ba, don a tara miki maki ko a yi miki rangwamen riyal biyu. Ki tuna takardun cin kyauta da ake cikewa a ƙofar manyan kasuwanni, ana jefawa a akwati kusa da mota mai ƙyalli. Banza ba ta kai zomo kasuwa, Hajiya, lambar ce kuɗin da suke karɓa. Ba dole ba ne ki bayar don a sayar miki da shinkafa. Ki ce "la, shukran", wato a'a na gode, za a miƙo miki kayanki.

Matasa za su ce miki ki kunna abin da ke rufe bakin duk lambar da ba ki ajiye ba. Wayoyin iPhone suna da shi, na Android ma haka. Ga ma'aikacin ofis yana da amfani. Ke kam kada ki kunna, domin masu sayenki kusan duk baƙin lambobi ne, alhajin da ya sauka jiya da sabon layi. Manhajojin da ke nuna sunan mai kira kuma, da yawansu sai sun nemi izinin shiga jerin lambobin da ke wayarki, ka ga an je maganin yoyo an ƙara huda tulu. Shawarata ita ce, idan wayarki mai cin layi biyu ce, ki sa na biyu mai arha. Shi za ki riƙa bayarwa a kanti da wurin masu kawo kaya. Na sana'a kuwa ya zauna na masu saye da dangi.

TAMBAYA, daga wani direba a unguwar Sabil, Jidda: Ina riƙe da layina na Najeriya a waya saboda saƙon banki na gida, amma tallan waƙoƙi da na caca sun cika mini waya. Hukumar nan za ta iya hana su?

AMSA: A'a ɗan'uwa, wannan layin yana ƙarƙashin hukumar sadarwa ta Najeriya ne, NCC, duk inda ka tafi da shi. Ita ma ta yi nata tanadin tun 2016. Ka rubuta STOP ka aika zuwa 2442 daga layin, za a rufe maka tallan duka. Idan saƙon ya ƙi tafiya daga nan, ka shiga manhajar kamfanin layin ka nemi wurin da aka rubuta DND. Ka kuma duba ko an sa ka cikin wani tsari da ke zarar maka kuɗi kullum, domin wannan daban ne da talla, sai an soke shi da kansa.

TAMBAYA, daga wani dattijo a Madina: An kira ni da Larabci mai kyau, aka ce daga banki ne, katina na cirar kuɗi, mada, zai tsaya idan ban sabunta bayanan iƙamata, wato takardar izinin zamana, ba. Mutumin ya san sunana cikakke. Ya ce za a turo lamba in karanta masa. Allah Ya sa kuɗin waya ya ƙare wa ɗana da zan tambaya, sai na ce a kira ni gobe. In sun kira in bayar? Kuma idan na rufe talla za su daina?

AMSA: Baba, kada ka bayar. Ko sun kira sau goma, ko sun rantse da Alƙur'ani. Wannan shi ne iri na biyun da na gaya wa Hajiya, rufe talla ba ya taɓa shi, domin shi ba talla yake yi ba, sata ya fito.

Ina faɗin wannan da zafi saboda ya faru a gidanmu. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi shekara biyu yana tara kuɗin da zai kawo matarsa umara. Wata ranar Alhamis bayan la'asar aka kira shi da irin wannan magana, aka haɗa da cewa iƙamarsa za ta samu matsala. Da jin iƙama hankalinsa ya tashi, ya karanta musu lambobin da suka shigo. Kafin magariba asusun ya koma fanko. Abin da ya fi ci mini rai, sai da ya yi kwana uku bai gaya wa kowa ba, saboda kunya. Mutum ne mai hankali da karatu. Sun dai san inda tsoron baƙo yake, nan suka danna.

Lambar nan da ake turowa, wadda suke kira ramzut tahaƙƙuƙ, mabuɗin asusunka ce. Babban bankin Saudiyya, SAMA, da bankunan kansu sun sha sanarwa cewa ma'aikacin banki ba ya tambayar ta, ba ya tambayar lambar sirrin kati. Haka idan buƙata ta fito a Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum, alhali ba kai ka nema ba, kada ka amince da ita, ko wane ne ya ce ka danna. Sanin sunanka ba hujja ba ce, suna yana yawo a takardu da yawa. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ka kashe wayar, ka juya katinka, ka kira lambar da ke bayansa, ko ka taka zuwa reshen banki da ƙafarka.

Saƙon damfara idan ya shigo a rubuce, ana tura shi zuwa 330330, kyauta ne, hukumar sadarwa ta ware lambar don haka. Wanda aka riga aka cuta kuwa, banki zai fara kira nan take a tsayar da katin, sannan ya kai rahoto ta Kollona Amn, manhajar jami'an tsaro, ko ofishin 'yan sanda. Dokar yaƙi da damfarar kuɗi ta 2021 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5, ke nan hukuma ba ta ɗauki abin da wasa ba, kai ma kada kunya ta sa ka yi shiru kamar kawuna.

Abu ɗaya ya rage, Baba. Ka sa ɗanka ya shiga shafin hukumar sadarwa ya nemi hidimar da ake kira Argami. Za ta nuna muku duk layukan da aka yi wa rajista da lambar iƙamarka. Mutanenmu suna da kara, ɗan'uwa ya zo ya ce a ciro masa layi sai a dangwala masa yatsa, shekaru su wuce a manta, layin ya koma hannun wanda ba a sani ba. Duk abin da aka aikata da shi, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Idan kun ga lambar da ba ku gane ba, ku nemi a soke ta a ranar. Gobe kuma idan mutumin nan ya kira, ka rubuta lambarsa, ka ce masa za ka je reshe da kanka, ka kashe wayar.