Turmina ya tsage, an tura ni wajen ƙwararre: in cire ko in jira hutu?

Assalamu alaikum. Shekarata huɗu ina aiki a ƙasar waje. Wata biyu ke nan turmina na ƙasa yana yi min zugi in na tauna abu, musamman lokacin da na saki cizon. Likitan haƙori ya ɗauki hoto bai ga komai ba, amma ya ce yana zargin tsagewa ce, ya tura ni wajen ƙwararre. Inshorar wurin aikina ba ta ɗaukar dukkan kuɗin. In jira har in je gida hutu, ko in sa a cire shi in huta?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya ba ka lafiya. Kada ka jira hutu, kada kuma ka yi saurin cewa a cire. Je ka wajen ƙwararren nan a 'yan makonnin nan.

Kada ka ɗauka likitan farko bai san aikinsa ba don hoto bai nuna komai ba. Tsagar turmi galibi takan bi daga gaba zuwa baya ne, hoton da aka saba ɗauka kuwa daga gefe yake kallon haƙorin, shi ya sa tsagar kan ɓuya. Zugin da kake ji in ka saki cizo, shi ne alamar da likitoci suka fi kamawa, turmin ƙasa kuma yana cikin haƙoran da suka fi tsagewa. Tun 1964 wani likita a Amurka mai suna Cameron ya raɗa wa wannan ciwo suna, har yau kuma yana cikin masu wahalar ganewa.

Abu biyu ƙwararren zai nema kafin ya yanke shawara: ina tsagar ta kai, kuma wane hali jijiyar haƙorin take ciki. Zai ba ka wani ɗan sanda ka ciza da kowane tsauni na turmin ɗaya bayan ɗaya, har a gano inda ciwon yake. Zai ɗora abu mai sanyi a kai. In ka ji tsami ya wuce nan take, jijiyar tana iya farfaɗowa. In zugin ya daɗe yana ci bayan an ɗauke sanyin, ko yana tashinka barci, ta kumbura yadda ba za ta koma daidai ba. In ba ka ji komai ba, wataƙila ta mutu. Zai haska haƙorin da fitila mai ƙarfi, domin haske yakan tsaya a bakin tsaga, wani lokacin ya shafa shuɗin rini, ko ya cire tsohon ciko ya duba ƙarƙashinsa da madubin ƙara girma.

Gwajin da na fi so ka kula da shi shi ne awon dasashi. Da wani siririn ƙarfe ake zagaya haƙorin. Lafiyayyen dasashi zurfinsa ba ya wuce milimita 3. In aka samu wuri ɗaya tak da ƙarfen ya nutse sosai, alama ce tsagar ta gangara cikin saiwa, ƙwayoyin cuta sun bi ta suna cin ƙashi. Wannan awo kaɗai kan juya shawarar gaba ɗaya.

Ƙungiyar ƙwararrun jijiyar haƙori ta Amurka ta kasa tsagewa gida biyar. Akwai 'yan layukan da ke saman farin ɓawon haƙori kawai, waɗanda yawancin manya suna da su, ba a yi musu komai. Akwai ɓallewar tsauni ɗaya, wadda ciko ko hula, wato murfin da ake rufe haƙori da shi, kan gyara. Na uku, wanda nake jin shi ake zargi a bakinka, tsaga ce ta sauko daga sama amma haƙorin bai rabu ba. In jijiya tana da lafiya, hula ake sa masa ta ɗaure shi kamar yadda ake ɗaure tukunyar da ta yi tsaga. In jijiyar ta lalace, sai a cire ta a cike gurbin, sannan a sa hular. Na huɗu shi ne haƙorin ya dare biyu, na biyar kuma tsagar ta faro daga saiwa, abin da ya fi samun haƙorin da aka taɓa cire wa jijiya. Waɗannan biyun yawanci cirewa ne.

Ka ga dalilin da ya sa na hana ka jira. Haƙori ba ƙashi ba ne, tsagarsa ba ta haɗewa, kowace tauna kuma tana ƙara buɗa ta. Watannin da za ka yi kana jiran hutu sun isa su kai ka daga gida na uku zuwa na huɗu. Ga shi aikin jijiya da hula ba na zama ɗaya ba ne, kuma ana son wanda ya yi ya sake dubawa bayan watanni. Wanda ya yi maka a hutu, kana hawa jirgi kun rabu.

Ka shirya jin cewa ba za a ba ka tabbaci ba. Ƙwararre mai gaskiya yakan ce sai ya buɗe ya ga ko tsagar ta ratsa ƙasan ɗakin jijiya, wato kogon da jijiyar take a cikin haƙorin, in ta ratsa ya dakatar da aikin ceto haƙorin a nan. Wani bincike da aka buga a 2007 ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na irin haƙoran da aka sa wa hula sun buƙaci a cire jijiyarsu cikin wata 6. Ni dai in awon dasashi ya yi kyau, zan ce ka ceci haƙorinka, domin cirewa ma ba ƙarshen kashe kuɗi ba ne. Giɓin yakan sa maƙwabtansa su karkata, dashen wani kuma ya fi tsada.

Batun inshora, ka nemi ƙwararren ya rubuta maka tsarin jinyar da kuɗin kowane mataki, ka tura musu su amsa a rubuce kafin a fara. Ka tambaya ko za a iya sa hular wucin gadi yanzu, a biya sauran kashi-kashi. Ka karɓi kwafin hotunanka ka ajiye. Kafin ranar, ka riƙa tauna da ɗaya ɓangaren, in kuma an taɓa ce maka kana cizon haƙora cikin barci ka faɗa masa, akwai robar da ake sawa da dare. In kumatu ya kumbura ko zazzaɓi ya zo, kada ka jira ranar da aka ba ka, ka tafi a ranar.