Tambaya da Amsa: Zan iya shiga jirgin ruwan shaƙatawa ni kaɗai?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Ni malamar asibiti ce nayi ritaya bara, yara duk sunyi aure, maigida kuma ya rasu. Na daɗe ina ganin bidiyon manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa a waya, mukayi da ƙawata zamu je tare to yanzu ta fasa, ni kuma raina ya riga ya biya. In tafi ni kaɗai? Kaɗaici nake tsoro, ga amai, ni ko kwale-kwale ban taɓa shiga ba.
Daga wata mai karatu, Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan maigida ya sa ya huta. Kaɗaicin nan da kike tsoro shine ƙaramin abu a ciki wallahi, jirgi ne mai ɗaukar dubban mutane, ga wurin cin abinci ga wasanni ga shaguna, akwai ma jiragen da suke haɗa zama na musamman don waɗanda suka zo su kaɗai su san juna, in kin so ki ce a zaunar dake teburi ɗaya da wasu lokacin cin abincin dare. Abin da zai ci miki tuwo a ƙwarya kuɗi ne da biza.

Kinga su kamfanonin nan farashin da suke tallatawa na mutum ɗaya ne amma da sharaɗin mutum biyu ne a ɗakin. Da ƙawarki ta fasa, gadonta bai fasa ba, ke za a ɗora wa, sau da yawa sai ki biya kusan ninki biyu na abin da kika gani a talla. Mutane da yawa anan suke sarewa. Mafita itace ki nemi jirgin da yake da ɗakin mutum ɗaya. Kamfanin Norwegian ya fito da irin waɗannan ƙananan ɗakunan a jirginsa Norwegian Epic tun 2010, daga baya wasu kamfanoni suka bi sahu, sai dai ɗakunan basu da yawa a kowane jirgi kuma da wuri ake kwashe su, don haka bukin ɗin, wato kama ɗaki, watanni kafin tafiya ake yi. Kuma ki sa ejan ɗinki ya lissafa miki duka biyun, don wani lokacin ɗakin mutum biyu mara taga in an yi ragi yakan zo daidai da na mutum ɗayan, ga fili ya fi yawa. Ki tambayi jimillar kuɗi a rubuce: da harajin tashar ruwa, da kuɗin ihsanin ma'aikata da ake cirewa kullum, da intanet, da lemuka. Abinci na cikin kuɗin tikiti amma waɗancan yawanci daban ne.

Sai maganar inda za a hau. Daga Legas babu irin wannan jirgin da yake tashi a kai a kai, dole sai kin hau jirgin sama kin je kin same shi, wato daga Rigasa ki bi jirgin ƙasa zuwa Idu, ko mota, sannan ki tashi daga Abuja. Jirgin kamfanin MSC na tashi daga Durban ta Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik a wajen Nuwamba zuwa Afrilu, gajeruwar tafiya ce ta 'yan kwanaki, ta dace da mai gwaji. Akwai na Bahar Rum masu tashi daga Basalona ta Sifen su zaga Faransa da Italiya, su kuma sai da bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai, wadda kin san ba wasa bace ga mai koren fasfo. Ni dai da ni ce ke, jirgin AROYA zan fara dubawa, na Saudiyya ne, ya fara aiki daga Jidda a Disambar 2024, ba giya ba gidan caca, abinci halal, ga wurin sallah. Mace mai shekarunki da mayafinta zata fi sakewa a can. A sauran jiragen kuwa naman alade da giya a bainar jama'a suke, sai ki sanar dasu tun wajen bukin kina son halal, in babu ki tsaya kan kifi da ganye da shinkafa.

Kuma dan Allah kar ki biya ko sisi sai kin san bizar kowace ƙasa da jirgin zai tsaya, ba wadda zaki hau kaɗai ba. Wasu na cewa ai ni bazan sauka ba, to a bakin jirgi ake duba takardu, in basu cika ba a nan za a barki kuma kuɗin ya tafi. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata 6, ki riƙe yalo kad ɗinki na rigakafin shawara, ki yi inshorar tafiya don asibitin cikin jirgi kuɗi ne mai zafi, ke kin fi ni sanin wannan harka.

Amai kuwa, ki zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne motsi ya fi sauƙi, ki tafi da maganin jiri da citta. Manyan jiragen basu cika girgiza ba in teku na kwance.

Wani abu da ya fi shafar mai tafiya ita kaɗai: ranar da jirgi ya tsaya a gari aka fita yawo, babu mai cewa ina Hajiya bata dawo ba, lokaci na cika yake tashi. Ki bi yawon da kamfanin jirgin ya shirya ko da ya ɗan fi tsada, su in motarsu ta makara ana jiransu. Ki isa garin da zaki hau kwana ɗaya kafin ranar, ki kwana a otal. Wayarki kuma ki kashe data da zarar an bar gaɓa, layin kan teku na cinye kati kamar wuta ta kama busasshiyar ciyawa.

Batun tafiyar mace ba muharrami nasan yaranki zasu tayar, malamai sunyi magana a kai, ki zauna da malaminki da 'ya'yanki tun kafin ki fara zuwa wurin ejan. In ma akwai jika ko ɗa namiji da yake hutu, tunda kuɗin gado biyu za a caje ki, ki lissafa tikitin jirgin samansa da bizarsa ki gani ko aljihu zai ɗauka.