Fita yawon kiɗa a shekarar da aljihu ya bushe

Ɗana, ka tambaye ni ko akwai amfanin saɓa kukuma a shiga hanya cikin wannan tsadar rayuwa, tunda abin sawa a baka ma yana gagarar mutane. Akwai, sai dai ba irin fitar lokacin yalwa ba ce.

Kuɗin mota da yawan 'yan rakiya su ke cinye makaɗi. Ka rage tawaga, ɗan amshi guda da mai ƙwarya sun isa. Wanda ya gayyace ka kuwa, ya aiko da kuɗin zuwa da na dawowa kafin ka ɗaura kaya. "Zo kawai, za mu san abin yi" ya sa makaɗa da yawa sun kwana a tasha.

Ka daina hangen ƙofar attajiri. Idan kasuwa ta karye shi ne farkon mai rufe hannu, ya sallame ka da alkawari. Ka bi inda masu aiki da jikinsu ke taruwa: masu sussuka bayan girbi, masu dako, masunta, direbobin da ke jiran lodi. Kowa ɗan kaɗan zai miƙo, amma a take. In sun ba ka hatsi ko masauki, karɓa, abin da kuɗin zai saya ke nan. Ba yau aka fara ba. Da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 1929, cinikin faifan waƙa ya faɗo daga wajen faifai miliyan 100 a shekara zuwa miliyan 6 a 1932, wasu mawaƙan karkara suka koma bin 'yan ci-rani zuwa sansanoninsu. Mu ma a 2020, da korona ta hana taro, ai ba manya ne suka riƙe mu ba.

Waƙar ma sai ka sake ta. Mai jin yunwa ba ya son kirarin dukiyar wani. Ka yabi sana'arsa, ka ambaci wahalarsa da sunanta, ka sa abin dariya a ciki. Zambo kuwa ka naɗe shi ka ajiye. Wanda bai ba ka ba bana, wataƙila babu ce ta hana shi, kuma garin nan za ka dawo baɗi.

Sai kayan aiki. Raɓa da danshi suna sa fatar kukuma ta saki, muryarta ta mutu. Ka ɗan gasa ta nesa da garwashi kana taɓawa da yatsa har ta ɗaure, in ka matsa kusa ta tsage. Izgar tsirkiya da ƙaron da ake goga mata, na ajiya, kada su rabu da jakarka, don ba kowane ƙauye za ka samu ba. In abu ya yi tsanani, sayar da babbar riga, kukuma dai ba a jinginar da ita.

Ka dakata har amfanin gona ya fara shiga gida, sannan ka zo mu tsara hanya.