Wai don na yi dariyar Nils Poppe shine na daina zama Bahaushe?

Ɗana na ga saƙonka tun shekaranjiya, ban amsa bane don ina aikin dare, kuma gaskiya sai da na bari na ɗan huce tukuna. Kace ka ga bidiyon da autarmu ta tura a gurup ɗin gida, ina kishingiɗe a kujera ina ƙyalƙyala dariya har da hawaye gaban wani tsohon fim mara kala, shine kake tambaya wai Baffa ku can kun bar kallon namu ne, wai me ake ji a barkwancin Bature, wai kuma yaran nan suna jin Hausa kuwa ko sun bi dangin uwa. Ta ƙarshen nan nasan ba taka bace, a bakin gwaggonninka ka tsinto ta, shekara ashirin da ɗoriya kenan suna min ita. Toh zan baka amsa amma ka yi haƙuri zan yi tsawo.

Mutumin da ka gani a fim ɗin, ɗan siririn nan mai kayan soja da yake ta tsalle kamar ba ƙashi a jikinsa, sunansa Nils Poppe, fim ɗin kuma Soldat Bom ne na 1948. Labarin wani ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne mai son bin doka fiye da kima, aka kai shi aikin soja, duk horon da ake gana wa kurata su yi kuka shi daɗi yake masa, har ya ishi manyansa. A nan garin Malmo na ƙasar Suwidin aka haifi Poppe a 1908, ɗan riƙo ne, a unguwar Möllevången ya tashi, kuma abin da zai baka dariya unguwar ce yanzu muke zuwa sayen kuɓewa da attarugu da naman halal, Larabawa da Somalawa da mu duk can muke haɗuwa ranar Asabar. In na wuce da ledar cefane nakan ce a raina ashe ɗan unguwarmu ne.

Yadda akai na san shi kuwa, na shigo Suwidin a 1996 ban iya ko sannu ba da yarensu. Akwai makarantar koyon yare ta baƙi da suke kira SFI, na yi ta, amma abinda ake koya maka a aji daban, abinda tsoho ɗan shekara tamanin zai faɗa maka a yaren Skåne, wato yankin kudun nan da muke zaune, yana neman a miƙo masa haƙoransa na roba daban. Aikina na farko na kirki a gidan kula da tsofaffi ne, har yau ma shi nake yi, kuma a can da rana bayan an ci abinci sai a tara su a falo a kunna musu talabijin, tashar gwamnati SVT ta kan sa tsofaffin fina-finai da rana. Ni da nazo share tebur sai in tsaya da tsumma a hannu. Akwai wata tsohuwa, Allah sarki, tsufa ya cinye mata tunani ko ɗanta in yazo bata gane shi, wuni take bata ce uffan ba, amma ranar da aka sa fim ɗin Edvard Persson ya fara waƙa sai naga bakinta yana motsi, tun daga farko har ƙarshe ta bi waƙar nan ba ta ɓata baiti ɗaya ba, tana buga yatsa a hannun keken da take zaune. Da aka gama ta juyo ta kalle ni tace wai in je in kira mamanta. Wallahi ranar sai da na shiga kicin na tsaya na ɗan lokaci, Hajiyarmu na tuna lokacin da take jin Shata a rediyo tana tsince shinkafa.

Shi Edvard Persson ɗin wani ƙaton mutum ne mai tumbi, shima ɗan Malmo, ya rasu a 1957, sau da yawa fitowarsa manomi ne ko mai masauki, ga son ci ga sanyin hali ga waƙa, kuma da yaren Skåne zalla yake magana wanda ƴan Stockholm suke tsokana kamar yadda Bakano yake tsokanar Basakkwace. Yankin nan namu ai har 1658 ƙasar Denmak ne, harshensu kuma ta maƙogwaro yake fitowa. Toh ni a bakin waɗannan tsofaffi da fina-finansu na iya yaren, shi yasa in na je Stockholm na buɗe baki sai kaga mutum ya yi turus, ga baƙin mutum dogo ga muryar manomin kudu na zamanin kakanninsa. Ƴaƴana har yau dariya suke min, wai Baba kana faɗin kalmomin da aka binne tun kafin a haifi Mama.

Kuma kace me ake ji a barkwancinsu. Ɗana abinda ake ji a namu. Baƙauye ya shigo birni, talaka ya yi wa mai kuɗi wayo, mata ta fi ƙarfin miji yana ɓuya a bayan rumbu, ɗan sanda ya faɗa kwata. Suna da wani Åsa-Nisse, baƙauye daga yankin Småland mai ƙirƙire ƙirƙiren injina da basa aiki, fim 20 akai tsakanin 1949 da 1969, John Elfström ne ya fito a shi a 19 daga ciki, masu sharhi a jarida ba zagin da basu yi musu ba amma mutanen karkara cika silima suke. Tun kafin nan ma a shekarun 1930 akwai waɗanda ake kira pilsnerfilm, wato fim ɗin giya, saboda yawan kurɓar da ake a ciki, su Thor Modéen da Fridolf Rhudin, har a 1937 marubuta da ƴan boko suka taru a babban zauren kaɗe kaɗe na Stockholm suna kukan wai fina-finan nan suna zubar da mutuncin ƙasa. Da surukina ya bani wannan labari sai da na kusa faɗowa daga kujera, nace ai mu ma haka akai wa marigayi Ibro, a fili ace shirme ne ba tarbiyya, in dare yayi a rufe ƙofa a saka kaset. Sai da ya rasu a 2014 kowa ya tuna ashe gwani ne.

Batun giyar nasan nan zaka tsaya, toh eh akwai ta a ciki, ban ɓoye maka ba, kuma ganin mutum ya sha a fim bai taɓa sa ni na kurɓa ba, kai ma ai kana kallon na Indiya ana bautar gunki. Su kansu sun sha fama da ita, har 1955 da ɗan littafi ake auna wa mutum abinda zai saya. Abinda ya fi damuna a wasu tsofaffin ba giya bace, yadda suke nuna baƙar fata ne, wani lokaci kana cikin dariya sai a fito da wani an shafa masa baƙi a fuska ana masa kallon dodo, nan take sai naji abin ya fita raina in kashe. Yarana sun fi ni zafi akan wannan ma.

Amma akwai abinda na gani a cikinsu wanda ya sa na daina yi wa mutanen nan kallon marasa kunya. Kasan a nan kowa da kowa sunansa ake kira gatsal, yaro ya kira malaminsa da suna, ma'aikaci ya kira shugabansa da suna, kalma ɗaya ce du, wato kai ko ke, ba babba ba yaro. Farkon zuwana abin nan ya tsaya min a wuya. Sai a fina-finan nan na ga ashe da ba haka suke ba, a da mutum baya ce wa na gaba da shi kai, sai dai yace ko darakta zai sha kofi, ko uwargida ta tashi lafiya, yana cire hula yana rusunawa, sak irin ranka ya daɗe ɗinmu. A ƙarshen shekarun 1960 suka yar da abin da gangan wai don kowa ya zama ɗaya. Wato ba wai basu san girma bane, sun sani suka ajiye. Ni dai a gidana ban ajiye ba, ɗana na fari yana da gemu yanzu amma baya gaishe ni a tsaye, in baƙo Bahaushe yazo har ƙasa suke durƙusawa su ukun, a waje kuma su yi du ɗinsu da kowa ba ruwana.

Sai maganar auren, tunda can aka nufa. A masallacin Malmo aka ɗaura shi da waliyyi da shaidu da sadaki, ba a kotu kaɗai ba kamar yadda aka yi ta yaɗawa a gida lokacin, kuma ba don takarda nayi ba, ina da takarduna kafin in santa. Ta musulunta a shekara ta shida da auren ba wanda ya matsa mata. Tuwon da take tuƙawa da garin semo in ka ci bazaka ce komai ba sai dai ka nemi ƙari, miyar kuka ce dai har yau ta gagare ta, ni nake kaɗawa. Abinda ya bani wahala ba ita bace, mahaifinta ne. Ni da aka tarbiyyantar in na hango suruki in canza hanya, sai ga mutum ya ja ni ya zaunar kusa da shi a kujera ɗaya cinya na gugar cinya, ya saka kaset ɗin Poppe yana dukan kafaɗata yana cewa kalli nan kalli nan. Zufa nake ta yi a tsakiyar hunturu. Kuma bana iya dariya a gabansa, shi kuma ya ɗauka ban gane bane sai ya mayar da kaset baya ya sake min bayani. Ranar da dariyar ta ƙwace min ban shirya ba, tsohon nan ya tashi ya je kicin yana kiran matarsa wai zo ki gani ya yi dariya.

Shi ya kai ni Fredriksdal a garin Helsingborg, wani dandalin wasan kwaikwayo ne a fili ba rufi cikin lambu, Poppe ne ya riƙe shi tun 1966 duk bazara yana wasa har 1993 yana da shekara 85, sannan Eva Rydberg ta karɓa, wasanta muka gani. Ruwa ake tsugawa, mutane sun sa rigar leda sun lulluɓe da bargo kowa da filas ɗin kofi ba wanda ya motsa, surukina kuma duk bayan minti biyar sai ya raɗa min wai ta iya amma ka makara baka ga mai wurin ba. Kuma kullum sai ya tuna min cewa Ingmar Bergman da kansa, daraktan nan nasu da duniya ta sani wanda fina-finansa ba dariya sai tunanin mutuwa, shi ya ɗauki Poppe a 1957 ya bashi babban matsayi a fim ɗinsa na jarumin da yake buga dara da mutuwa, don a san ɗan barkwanci ba wawa bane. Wannan magana na ji ta ta fi sau ɗari. Poppe ya rasu a 2000, surukina kuma shekara tara kenan, kaset ɗinsa kwali biyu suna ɗakin ajiyarmu na ƙasa, na'urar kunna su ta lalace amma uwargida ta hana a zubar, ni ma ban matsa ba.

Su yaran ba Poppe ne nasu ba, shi na tsofaffi ne irina. Nasu Jönssonligan ne, wasu ɓarayi uku da kullum shugabansu yake da shiri mai kyau kullum kuma abin ya watse, an fara a 1981, daga Denmak aka aro labarin, Gösta Ekman ne shugaban, wanda kakansa da babansa duk ƴan fim ne, gado ne kamar gidan makaɗa. Da kuma Sällskapsresan na Lasse Åberg na 1980, labarin wani dogon salihin mutum mai tsoron jirgin sama da ya bi ayari yawon shan rana. Waɗannan duk ɗan da ya tashi a ƙasar nan ya haddace su, in ɗanka bai sani ba a makaranta shine bare, ni kuwa ban kawo su duniya don su zama bare a inda aka yanke musu cibiya ba.

Ranar 24 ga Disamba kuma muna zuwa gidan kakarsu, eh muna zuwa, a faɗa wa gwaggo. Ƙarfe uku na rana ƙasar gaba ɗaya take zama kallon katun ɗin agwagwar Disney, al'ada ce ta shekara da shekaru, kuma a lokacin rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu, wato ana tsakiyar katun magariba take yi, sai mu tashi ni da yaran da uwarsu mu shiga ɗakin da tsohuwar ta riga ta shimfiɗa mana darduma da hannunta. Naman alade yana can ƙarshen tebur nasu, mu kifi da rago take mana a tukunya daban da ta saya musamman.

Hausar yaran kuwa bazan maka ƙarya ba. Babban yana yi sosai don ya yi shekara biyu a gida wajen Hajiya, ta tsakiyar tana ji tas amma da yarensu take mayarwa, autar kuma Hausarta ta Zango ce, don mu nan ba yawa gare mu ba kuma yawancin waɗanda muke haɗuwa da su a suna da Sallah ƴan Kumasi da Nima na ƙasar Gana ne sai ƴan Damagaram kaɗan, toh a bakin matansu ta ɗauka, namiji da mace duk ya take ce musu. Yana min ciwo wani lokaci, laifina ne, aikin dare ya cinye shekarun da ya kamata in zauna in yi musu tatsuniya. Amma ita ɗin dai da kuke cewa ta zama Baturiya ita ce ta sa min waya a gaba wancan satin wai in fassara mata abinda Ibro yake cewa a wani guntun bidiyo, tun kafin in buɗe baki ta riga ta fashe da dariya.

In mai zuwa ya samu a aiko min da daddawa da kuka, wadda ake sayarwa a nan ta daɗe a kanti ba ƙamshi. Ka gaida babanka, kace masa ina sane bai amsa kirana na ranar Juma'a ba.