Dadana yana wari duk da ina wanke shi da sabulun salo da karkashi

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Wata tara ke nan da na mayar da gashina dada, wato murɗaɗɗen gashin da ake bari ya cukurkuɗe sili-sili ba a tajewa. Ba na son shamfu na kanti, don haka da sabulun salo nake wankewa, wani lokaci kuma karkashi da 'yar kanwa, kamar yadda muka taso muna gani a gida. Idan na gama sai in bi shi da man kaɗanya. To yanzu in na matsa sili ɗaya sai in ga wani farin abu a cikinsa, kan kuma yana wani wari irin na kayan da aka ninke da danshi, musamman in na cire ɗankwali. Na ga bidiyo a TikTok ana haɗa bekin soda da khal a roba a tsoma kai a ciki. In gwada? Kuma wane haɗin gida ne ya dace da dada?

Wata mai karatu daga Kaduna

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, abin da kika lissafa yana gyaruwa, kuma yawancin kayan da kika zaɓa masu kyau ne. Matsalar ita ce kina yi wa dada irin wankin da ake yi wa gashin da za a tsefe a taje. Gashin da ake tajewa, duk abin da ya maƙale a ciki mataji zai fitar da shi. Dada kuwa kamar soso yake: abin da ya shiga, in ruwa bai fito da shi ba, ya zauna ke nan. Saboda haka kafin ki zuba wa kanki kowane haɗi, tambayar farko ita ce, shin ruwa zalla zai iya ɗauraye shi tas?

Farin abin nan da kike gani, mafi yawanci abu biyu ne suka haɗu. Na farko man kaɗanya. Yana narkewa a tafin hannu saboda ɗumin jiki, sai ki ga kamar ya shige, amma da ya huce a tsakiyar silin sai ya sake daskarewa, balle da hunturu. Ƙura da zaren mayafi su bi su manne masa. Na biyu shi ne abin da sabulu ke bari idan ya gamu da ruwa mai yawan ma'adanan kalsiyam da magniziyam, irin na wasu rijiyoyi da burtsatse. Za ki gane irin wannan ruwan idan sabulu yana wahalar kumfa a cikinsa, ko kuma kina ganin farin ɓawo a gindin tukunyar da kuke dafa ruwa. Sabulun salo sabulu ne na ainihi, daga toka da mai ake yin sa, kuma duk sabulu irin wannan in ya haɗu da waɗancan ma'adanai yana zama wani farin dauɗa da ba ya narkewa a ruwa.

Akwai kuma batun tsami. Masana suna auna shi da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14: ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa. Fatar kai tana wajen 5.5. Sabulu yana kaiwa 9 zuwa 10, bekin soda ya ɗan haura 8, kanwa ma can sama take. Kowane silin gashi yana da ɓawo mai hawa-hawa da ke rufe shi, kuma abin da ke ɓangaren kanwa yana sa gashin ya kumbura, ɓawon ya ɗaɗɗaga. Sau ɗaya ba komai. Amma in ana yi duk mako ba a bin bayansa da abu mai tsami, gashin zai bushe ya riƙa karyewa, fatar kai ta riƙa ƙaiƙayi. Don haka kanwa, ki cire ta daga lissafi gaba ɗaya.

Karkashi ma ki ajiye shi tukuna, ko da yake ina son sa ƙwarai ga gashin tsifa. Shi ne ganyen da matan Chadi suke kira ambunu, wanda yanzu ake sayarwa har ƙasashen waje, kuma amfaninsa yauƙin nan ne da ke warware gashi ya sa mataji ya wuce. Ke kuwa so kike gashinki ya cukurkuɗe ya kama. A wata tara, dada bai gama kamawa ba, musamman gindinsa da bakinsa, yauƙi kuma baya yake mayar da aikin. Ga ɓarɓashin ganyen da ke shigewa ciki. Haka hulba, haka garin chebe da ake shafa wa gashi: masu kyau ne a inda suka dace, amma ban yarda a kai su kan dada ba.

Sai haɗin bidiyon. Idan aka zuba khal a kan bekin soda, kumfar nan da ke tashi iskar gas ce kawai take fita, kowanne ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa, abin da ya rage kusan ruwa ne da wani nau'in gishiri. Dattin da kike gani ya fito a robar, jiƙawa cikin ruwan ɗumi da matsawa ne suka fi fitar da shi. In har za ki yi amfani da su, ki raba su: ki jiƙa da bekin soda, babban cokali 2 a lita 2 na ruwan ɗumi, minti 10, ki ɗauraye sosai, sannan khal ya biyo baya. Wannan ma bai kamata ya wuce sau biyu ko uku a shekara ba.

Na san kin ce ba kya son shamfu na kanti, amma gaskiya zan faɗa miki: man da ya yi watanni yana taruwa, haɗin gida ba ya cika cire shi. Ki nemi shamfu garai-garai wanda ake gani ta cikinsa, ba mai kauri kamar madara ba, ki yi wanki biyu ko uku da shi da ruwa mai ɗumi sosai, kina matsa silin ɗaya bayan ɗaya. Bayan nan sai ki koma haɗin gida don kiyayewa.

Abin da na fi ba da shawara a kai shi ne ganyen magarya. Yana da sinadarin da ke kumfa da kansa, yana wanke fatar kai a hankali, kuma ba ya barin maiƙo. Ki zuba babban cokali 3 na garinsa a lita ɗaya ta ruwan zafi, ki rufe rabin awa, ki burge da maburgi har kumfa ta taso. Sai tacewa, kuma nan ne mutane ke ganganci. Rariya ba ta isa ba. Ki sa kyallen tatar koko, ki tace sau biyu, ki zuba a kofin gilas ki ɗaga shi a haske: in kin ga ɗigon kore yana yawo a ciki, ki sake. Ruwan kaɗai ake so, ba tukar ba. Wasu suna kwaɓa garin su shafa a kai kamar lalle, wannan ga mai dada nadama ce, don sai ta yi makonni tana tsintar ganye.

In kuma sabulun salonki kika fi so, ba laifi, amma kada ki goga dunƙulen a kai. Ki gutsuri kamar girman goro, ki narkar da shi a rabin lita na ruwan ɗumi, ki bar shi ya kwanta, ki tace, don yakan zo da ɓarɓashin toka. Ki ɗura a gorar ruwa da kika huda murfinta da allura mai zafi, ki riƙa bin tsaga-tsagar kina zubawa a fatar kai, kina murzawa da tafin yatsu ba da farce ba. Kumfar da ta gangaro ta ishi jikin dadan. Sannan ɗauraya. Ki ɗauraye fiye da lokacin da kika ɗauka kina wankewa, kina matsawa har ruwan da ke fita ya zama garau. In ruwanku irin wanda ba ya kumfa ne, ki yi ɗaurayar ƙarshe da ruwan sama mai tsabta ko ruwan leda.

Bayan sabulu dole tsami ya biyo. Babban cokali 2 na khal ɗin tuffa a ruwan leda ɗaya, wato rabin lita. Ki zuba a hankali, ki bar shi minti 3 zuwa 5, ki ɗauraye. Warinsa yana tafiya da kan ya bushe. Kada ki zuba shi tsagwaronsa, kada ya shiga ido, kuma in akwai rauni ko susa ta fasa fata, ki jira ya warke. Lemon tsami yana iya maye gurbinsa in an sirka shi haka an tace, sai dai ki wanke shi tas daga goshi da wuya, don ruwansa in ya zauna a fata rana ta buga yana ƙona ta ya bar tabo. Duk haɗin nan a yi shi a ranar a ƙarar a ranar. Ba shi da abin hana lalacewa, a zafin garinmu kwana biyu ya ishe shi ya fara tsami.

Warin kuwa, wanda na san shi ya fi damun ki, daga danshi yake. Saman dada yana bushewa da wuri, cikinsa kuma yana iya wuni da ruwa. In kika ɗaura ɗankwali, kika ɗora hijabi, ko kika kwanta a haka, kin haɗa ɗumi da duhu da laima, abin da funfuna ke so ke nan, ga kuma man da ke ciki yana riƙe ruwan. Ki riƙa wanki da safe. Ki matse kowane sashe da hannu, ki naɗe da tsohuwar riga ta auduga maimakon tawul mai gashi-gashi, wanda zarensa ke maƙalewa. Ki baza kan a inda iska ke kaɗawa, ko ki sa diraya a matsakaicin zafi, musamman da damina. Kafin ki rufe, ki kama sili mafi kauri na ƙeya ki matse shi cikin farin kyalle. In kyallen ya nuna danshi, da saura. Haka za ki yi duk lokacin da ruwa ya game kan, har da bayan wankan wajibi, ko da ba ki sa sabulu ba.

Wanki sau ɗaya a mako ko mako biyu ya wadatar. Man kaɗanya, man shanu, basilin da kakin zuma ki nisanta su da jikin dadan. In fatar kai ta bushe, ɗigo kaɗan na man zaitun ko man ridi a kan yatsa ki bi tsaga da shi. In kuwa kina da amosani, ki rage man ma, domin ƙwayar da ke haddasa shi a maiƙo take rayuwa.

Ki sani, zaren da ya riga ya saƙu a tsakiyar sili ba ya narkewa da kowane wanki. Wanda ke kusa da baki ana iya zaro shi da tsinke a hankali, sauran sai dai a hana sabo shiga, ta hanyar kwana da hular satin. Idan kuma bayan wanki uku ko huɗu irin wannan warin bai tafi ba, ko kika ga ƙuraje, ruwa yana tsatsowa, ɓawo mai kauri, ko wani wuri ya zube ya yi da'ira kamar makero, ki dakatar da duk wani haɗi ki je wajen likitan fata. Amosani mai tsanani yana buƙatar shamfu na magani irin mai ketokonazol, makeron kai kuma sai da maganin sha wanda likita zai rubuta.